Wane rizista zan sa wa NE555 don rage hasken LED?

Ɗan Koyo Gwammaja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman taimako. Na haɗa abin rage haske da aisi NE555, wato 'yar na'urar nan mai ƙafa takwas da ke kunna wuta tana kashewa a kan lokaci, don igiyar fitilar LED mai bolt 12, tsawon mita 2, da na liƙa a ɗakin Hajiyarmu. Daga batirin sola take ci. Na sa rizista 10k daga fozitif zuwa ƙafa ta 7, bolum 10k, wato rizistar da ake murɗawa, daga ƙafa ta 7 zuwa ƙafa ta 6 da ta 2, sai kafasita 1uF zuwa nagatif. Matsalata biyu ce. Ko na murɗa bolum har ƙarshe hasken ba ya raguwa yadda ake so, kuma idan na kai ƙarshen sai ya kama ƙyaftawa har ido ya yi ciwo. Wane rizista ya kamata in canza?

Injiniya Hotoro:
Wa alaikumus salam ƙanina. Aisinka lafiyarsa ƙalau, abin da ka ba shi ne yake yi maka. Zauna mu yi lissafin tare.

Aisin yana rage haske ne ta hanyar kunna fitila da kashe ta da sauri: tana kunne lokacin da kafasita ke cika, tana kashe lokacin da take zubarwa. A haɗin da ka yi, kafasita tana cika ta cikin rizista biyun gaba ɗaya, amma tana zubarwa ta cikin bolum kaɗai. Lokacin da fitila take kunne shi ne 0.693 × (R1 + R2) × C, lokacin da take kashe kuma 0.693 × R2 × C. R1 ita ce rizistar da ta taso daga fozitif, R2 bolum, C kuma kafasita. Ka ga ke nan ko me ka sa a wurin, lokacin kunne ba zai taɓa gaza lokacin kashe ba, domin R1 kullum tana ɓangarensa. Da naka adadin, idan bolum ya kai 10k, kunne ya ci kashi biyu cikin uku na lokaci. Ido kuwa ba ya bambanta kashi biyu cikin uku da cikakken haske sosai. Shi ya sa ka ga kamar ba ta rage komai ba.

Ƙyaftawar kuma daga kafasitar take. A wannan matsayin zagaye ɗaya yana cin wajen 21ms (ms ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), wato tana kunnawa da kashewa sau 48 kacal a daƙiƙa. Kowane ido zai ga wannan.

Ɗan Koyo Gwammaja:
Na gode Yallaɓai. To in rage 10k ɗin farko ya koma ƙarami sosai, kamar om 100?

Baba Mai Rediyo:
Kul, yaro! Kada ka soma. Ƙafa ta 7 taransista ce a ciki, duk lokacin da fitila ta mutu ita tana jan wannan wurin kai tsaye zuwa nagatif. Abin da ya tsaya tsakaninta da batir shi ne wannan rizistar. Ka sa om 100 a kan bolt 12, ka tura mata 120mA, rizistar kanta za ta sha fiye da wat ɗaya alhali kwatan wat aka yi ta ta ɗauka. Za ka ji ƙauri. Kada ka sauka ƙasa da 1k. Launinta ruwan ƙasa, baƙi, ja.

Kuma ko ka sauka, rabi za ka tarar, ba za ka wuce shi ba, kamar yadda Injiniya ya faɗa maka.

Injiniya Hotoro:
Haka ne Baba. Maganin shi ne a raba wa kafasita hanya, ta shiga daban ta fita daban. Ka nemi dayod 1N4148 guda biyu, shi dayod ta gefe ɗaya kaɗai yake barin wuta ta wuce, ga yadda za ka yi.

Rizista 1k daga fozitif zuwa ƙafa ta 7. Daga ƙafa ta 7 dayod na farko ya tafi gefe ɗaya na bolum, gefen da ke da zane a jikinsa yana kallon bolum ɗin. Dayod na biyu ya taso daga ɗaya gefen ya dawo ƙafa ta 7, shi kuma zanensa yana kallon aisi. Ƙafar tsakiya ta bolum ta je ƙafa ta 6 da ta 2, a nan kafasita za ta zauna zuwa nagatif. Ƙafa ta 4 da ta 8 fozitif, ta 1 nagatif, ta 5 kuma ka ba ta ƙaramar kafasita 10nF zuwa nagatif.

Ka ɗauki kafasitar kamar randa mai famfon shiga da famfon fita. Idan ka murɗa bolum, abin da ka rage wa ɗaya shi ka ƙara wa ɗayan, don haka jimillar lokacin cika da zubarwa ba ta sauyawa, rabon ne kawai ke sauyawa. Wannan shi ake so: sauri ya tsaya wuri ɗaya, haske ya yi ta hawa da sauka.

Yanzu maganar adadi, kuma nan ne nake so ka natsu, don yawancin masu koyo suna cakuɗa ayyuka uku su mai da su ɗaya.

Iya duhun da za ka iya kaiwa, rabon R1 da bolum ne ke yanke shi. Da 1k da bolum 10k, mafi ƙarancin kunne shi ne 1 cikin 11, kusan kashi 9 cikin 100, kuma a cikin dare wannan haske ne mai yawa. Da 1k da bolum 100k kuwa za ka sauka zuwa 1 cikin 101, wajen kashi 1 cikin 100. Don ɗakin kwana, 100k nake ba ka shawara.

Sauri kuma jimillar rizista da kafasita ne ke yanke shi. 0.693 × 101k × 10nF ya ba ka wajen 0.7ms, wato kusan sau 1,400 a daƙiƙa. Saboda ɗan abin da dayod ke ci za ka auna ƙasa da haka kaɗan, kada ya dame ka. Kafasita 10nF ita ce aka rubuta wa 103. Ka duba da kyau a shago, don 104 ta ninka ta sau goma, za ta mai da kai wajen sau 140 a daƙiƙa, ƙyaftawa na iya dawowa in ido ya motsa.

Na ukun, yawan wutar da ke ratsa ƙwan LED ɗin, ba aikin aisi ba ne ko kaɗan.

Ɗan Farm Centre:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Akwai ɗan akwatin rage haske da ake sayarwa a haɗe, ka sa waya biyu ta nan biyu ta can, shi ke nan. In ma koyo yake so ya yi, ya sayi Arduino, ɗan allon nan da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, layi biyar na rubutu ya gama. Wa ke zaman lissafin 555 a wannan zamanin?

Ɗaliba Kabuga:
Yaya, wanda ya iya lissafin nan shi zai gyara ɗan akwatin da kake faɗa ranar da ya lalace, domin da yawansu in ka buɗe 555 ɗin ce a ciki da mosfet, wato taransistar da ke aiki kamar makunnin babbar wuta. Arduino Uno kuma a yawancin ƙafafuwansa sau 490 yake kunnawa a daƙiƙa in ba ka taɓa saitinsa ba, ga shi bolt 5 yake fitarwa, sai ka sake neman mosfet da zai buɗe da bolt 5. Kuɗinsa kuma ya sayi 555 masu yawa.

Aisin nan Hans Camenzind ne ya tsara shi a 1971 don kamfanin Signetics a Amurka, ya shigo kasuwa a 1972. Ya haura shekara 50 ana ƙera shi, kuma har gobe za ka same shi a Sabon Gari. Abin da ke burge ni shi ne rizista uku masu 5k da ke cikinsa, su ke raba wutar batir zuwa ɗaya bisa uku da biyu bisa uku. Kafasita tsakanin waɗannan biyun take kai-komo, saboda haka ko batir ya hau ko ya sauka, lokacin kusan yana nan yadda yake. Ga mai sola wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Farm Centre:
Na yarda da batun gyara, ƙanwata. Amma ga mai sauri ina nan kan bakana.

Mai Sola Kurna:
Tunda an taɓo sola bari in shigo. Ƙanina, ka ce bolt 12, amma batirinka ba ya zama a 12. Da rana lokacin caji yana kaiwa 14.4, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 12.5. NE555 tana ɗaukar daga 4.5 zuwa 16, don haka ita ba ruwanta. LED ɗin ne abin tausayi.

Wannan shi ne na ukun da Injiniya ya ambata. Wasu suna ɗauka tunda sun sa abin rage haske ba sa buƙatar rizista a layin LED. Ba haka ba ne. A ɗan lokacin da take kunne, cikakkiyar wuta ce ke shiga. Igiyar da ka saya tana da nata rizistocin, kowane ƙwai uku da rizistarsu, don haka kai ka huta. Amma wanda zai jera ƙwayaye da kansa ya yi lissafi. Farin LED yana cin wajen bolt 3. Guda uku a jere bolt 9 ke nan. A kan 12 saura 3, ka raba da 20mA, ya ba ka om 150. To ka bar wannan 150 ɗin batir ya hau 14.4: saura ya zama 5.4, wutar ta koma 36mA, kusan ninki biyu. A zafin Afrilu na Kano, cikin ɗaki mai rufin kwano, ba za su daɗe ba za su dushe. Ni da 14.4 nake lissafi, in sa om 270, ja, shunayya, ruwan ƙasa. Da dare hasken ya ɗan ragu, amma ƙwan ya yi shekaru.

Ɗan Koyo Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri Oga. Igiyar kuma kai tsaye na ɗaura ta a ƙafa ta 3, aisin yana zafi sosai. Shi ma rizista ne?

Mai Sola Kurna:
Cire ta yanzu-yanzu! Ƙafa ta 3 iyakarta 200mA. Igiya irin 5050 mai ƙwai 60 a mita tana iya jan amfiya 1.2 a kowace mita, taka mita 2 ta doshi 2.4. Ikon Allah ne kawai ya sa bai ƙone ba.

Ka sa mosfet IRFZ44N. Daga ƙafa ta 3 rizista om 100 zuwa ƙafarsa ta farko, wato get, wadda ke buɗe shi da rufe shi. Daga get ɗin kuma 10k zuwa nagatif, don kada ya tsaya rabi a buɗe in aisi ya saki. Ƙafar tsakiya ta karɓi nagatif ɗin igiya, ta ƙarshe ta tafi nagatif ɗin batir. A amfiya 2.4 ko ɗumi da ƙyar zai yi. Wanda ke aiki da bolt 5 shi kuma IRLZ44N zai nema, mai L, don IRFZ44N yana son wajen bolt 10 a get kafin ya buɗe sosai.

Kada ka manta kafasita 100nF da 100uF tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1, dab da aisin. NE555 tana fizgar wuta duk sanda ta juya, in babu su sai ta rikita kanta.

Baba Mai Rediyo:
Duk na ji, kuma ban ƙaryata kowa ba. Amma ni ina da ja a kan abu ɗaya. Dattijuwa ce za ta yi amfani da wannan fitila. Me take nema? Haske mai ƙarfi in za ta nemi abu, da mai laushi in ta tashi sallar dare. Mataki biyu ke nan. Makunni ɗaya da babbar rizista ta siminti mai wat 5 sun biya wannan buƙata, babu aisi, babu abin lalacewa. Bolum kuwa ku jira hunturu ya zo. Ƙura ta shige shi, ƙafar tsakiya ta daina taɓawa, kafasita ta rasa hanyar shiga da ta fita, fitila ta maƙale a kunne ko a kashe ko ta yi ta tsalle. Na ga wannan a rediyo ba adadi.

Sannan ku da ba ku sauraren gajeren zango ba ku san abin da waɗannan na'urori ke yi mana ba. Ka kunna ɗaya kusa da rediyo, labaran asuba sun zama ƙugi.

Injiniya Hotoro:
Baba, maganarka ta ƙura gaskiya ce, kuma ban da amsar da ta wuce a sa shi cikin akwati a rufe, a sayi bolum mai kyau. Ta rediyo ma haka. Om 100 ɗin da Oga ya ce a sa a get yana taimakawa, don yana sassauta kaifin juyawar. In ƙugin ya yi yawa a ɗaga shi zuwa 220 ko 330, a murɗe wayoyin igiya biyu su zama tufka, a kuma gajarta su.

Inda na saɓa da kai, tare da girmamawa, shi ne rizistar siminti. Abin da ta rage wa fitila zafi take mai da shi, daga batirin da ake tattalinsa. Kuma tunda LED ɗan sauyin bolt kaɗan ke motsa ta da yawa, hasken da ka saita da magariba ba shi za ka tarar da asuba ba. Ga shi idan ka rage wa igiya wuta sosai ta wannan hanyar, wasu ƙwayayen sukan fi wasu haske, launin ma ya ɗan sauya. Da kunnawa da kashewa kuwa kowane ƙwai yana samun wutar da aka yi shi dominta, lokacin kawai ake gutsure masa.

Baba Mai Rediyo:
Zafin wat ɗaya ko biyu ne, Injiniya. Naka aisin ma ai ba iska yake sha ba.

Ɗaliba Kabuga:
Baba ya taɓo wani abu da ba a cika lura da shi ba. Rizistar 1k ɗin nan tana jan 12mA duk lokacin da ƙafa ta 7 ke ƙasa, wato lokacin da fitila take kashe. Ma'ana sanda ka rage haske zuwa ƙarshe, sannan ne ta fi ci. Ƙara da abin da NE555 ke ci da kanta, wajen 10mA. Ba yawa ba ne kusa da amfiya 2, amma in fitilar za ta kwana a mafi ƙarancin haske, igiyar kanta wajen 24mA take ja a kashi 1 cikin 100. Ka ga mai gadi ya kusa cin abin da mai gida ke ci.

Ana iya sa 2.2k maimakon 1k, jan ya sauka zuwa wajen 5mA, mafi ƙarancin haske ya koma kashi 2 cikin 100. Ko a nemi TLC555 ko ICM7555, su ba sa kai 1mA, ƙafafuwansu kuma iri ɗaya ne da NE555. Sai dai ba su da ƙarfin tura get kamar ta, kuma ba kowane shago ke ajiye su ba.

Hajiya Mai Turare:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bibiya ko da yake ba fannina ba ne. Ni matsalata daban. An sa mini irin wannan fitilar a kantar shagona a Zoo Road, ido ba ya ganin komai, amma da na ɗauki bidiyon kaya da waya don masu saye sai baƙaƙen layuka su riƙa ratsa hoton. In na ƙure hasken su ɓace. Wannan ma daga rizista ne?

Injiniya Hotoro:
Daga saurin ne, Hajiya. Kyamarar waya layi-layi take ɗaukar hoto, daga sama zuwa ƙasa, don haka tana kama lokacin da fitila ta mutu ko da ido bai kama ba. In kin ƙure haske babu lokacin mutuwa, shi ya sa suke ɓacewa. Wanda ya haɗa miki ya rage kafasitar. In 104 ce ya sa 103, in 103 ce ya gwada 472, wadda da bolum 100k za ta kai wajen sau 3,000.

Ɗan Farm Centre:
Me zai hana a sa 102 kawai a wuce wurin? Sau 14,000 ke nan, babu kyamarar da za ta gani.

Injiniya Hotoro:
Ana yi, amma akwai abin da za ka biya. A wannan saurin zagaye ɗaya 70us ne (us ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), kashi 1 cikin 100 nasa bai kai 1us ba. Get ɗin IRFZ44N yana da nauyi, kafin ya gama cika ta cikin om 100 lokacin ya kusa ƙarewa. Sai ka ga ƙasan bolum ya zama ba shi da tabbas, mosfet kuma ya fi ɗumi don yana ɓata lokaci mai yawa tsakanin buɗewa da rufewa. Rediyon Baba ma zai fi shan wahala. Ga shagon Hajiya da ba a buƙatar duhu sosai, 102 za ta yi, a ɗaga R1 zuwa 4.7k don ƙasan ya tsaya wajen kashi 4 ko 5. Ga ɗakin kwana 103 ta fi.

Ɗan Koyo Gwammaja:
Alhamdu lillahi, na je France Road na samo kayan, na sake haɗawa a allon gwaji: 1k, bolum B100K, 103, dayod biyu da mosfet. Ƙyaftawa ta tafi, aisin ya huce, mitata ta nuna wajen 1,270Hz, wato sau 1,270 a daƙiƙa. Yana sauka har ya zama kamar garwashi. Saura abu ɗaya. Da na ɗan murɗa daga ƙasa sai haske ya yi tsalle, daga tsakiya zuwa ƙarshe kuma kusan babu bambanci.

Ɗaliba Kabuga:
Madalla! Wannan ba laifin haɗinka ba ne, halin ido ne. Ido ya fi jin bambanci a cikin duhu: daga kashi 1 zuwa 10 babban sauyi ne a wurinsa, daga 60 zuwa 100 kuwa kaɗan. B100K a miƙe yake tafiya, rabin murɗi rabin adadi. Ka nemi A100K, wanda a tsakiyar murɗi bai wuce kashi 10 zuwa 15 na adadinsa ba. In ka sa ka ga abin ya ƙara muni, ka musanya wayoyin gefe biyun, ka bar ta tsakiya.

Baba Mai Rediyo:
Irin A ɗin shi ne na ƙarar rediyo, don kunne ma haka yake ji. In ba ka samu a kasuwa ba ka biyo ta Fagge, akwai su a tsofaffin allunan da ke wurina. Amma ka auna da mita kafin ka liƙa da dalma. Bolum da aka rubuta wa 100k yana iya nuna 80 ko 120, haka ake yin su. Kafasitar lokaci kuma ka sa ta roba, irin koriyar nan ko ja mai sheƙi, ta fi 'yar faifan ƙasa riƙe adadinta in gari ya yi zafi.

Hajiya Mai Turare:
Na gode ƙwarai. Tawa igiyar mita 5 ce, wannan mosfet ɗin zai ɗauka?

Mai Sola Kurna:
Zai ɗauka Hajiya, in 5050 ce wajen amfiya 6 ke nan, a ɗaura masa ɗan ƙarfen sanyaya kawai. Abin da za ki tsaya a kai shi ne waya da fis. Kada a ja miki amfiya 6 da siririyar wayar sifika, a sa mai kauri 1.5mm ko fiye, kuma a ba igiyar wuta ta farkonta da ta ƙarshenta don ƙarshenta kada ya dushe. Fis mai amfiya 10 ya zauna dab da kan batir. Ƙanina na Gwammaja, kai ma haka, naka mai amfiya 5, kafin ka mayar da ita ɗaki.